Inda Ƙarin Kuɗi Ke Aiki da Inda Ba Ya Yi: Amfanin Kwaikwayon Kasafin Gwamnati a Kwamfuta

A watan Satumban 2015 ƙasashe 193 na Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa. Muradu 17 ne, a ƙarƙashinsu akwai ƙudurori 169, da ma'aunai sama da 230 da za a riƙa duba ci gaba da su, aka kuma sa wa'adi zuwa 2030. Takardar ba ta ce wannan muradi yana gaba da wancan ba, kuma da gangan aka yi haka, don an ce dukkansu a ɗaure suke da juna. Ministan kuɗi kuwa ba shi da wannan sararin. Kowace shekara dole ya raba abin da ke cikin baitulmali, kuma da zarar ya raba, ya riga ya fifita wani abu a kan wani, ko ya faɗa da bakinsa ko bai faɗa ba. Wanda ke son sanin abin da gwamnati ta ɗauka da muhimmanci, ya ajiye jawabin ranar rantsuwa gefe, ya buɗe takardar kuɗin da aka saki.

Rahoton Majalisar na 2024 ya ce kashi 17 cikin 100 kacal na ƙudurorin ne ke kan turbar cika a kan lokaci. UNCTAD, hukumar Majalisar mai kula da kasuwanci da ci gaba, ta ƙiyasta a 2023 cewa giɓin jarin da ƙasashe masu tasowa ke buƙata ya kai dala tiriliyan 4 a shekara, alhali a 2014 tiriliyan 2.5 ne. Daga nan galibin mahawara ke tsayawa: a samo kuɗi, a ƙaro kuɗi. Ba na musun cewa kuɗin ya gaza. Mutum biliyan 3.3, in ji UNCTAD ɗin dai a 2023, suna zaune ne a ƙasashen da abin da suke biya na ruwan bashi ya zarce abin da suke kashewa a ilimi ko a lafiya. Sai dai ƙasar da ke cikin irin wannan matsi ita ce ta fi kowa buƙatar ta san takamaiman wurin da ƙarin kuɗi zai motsa wani abu, da wurin da zubawa za ta zama ɗiban ruwa da kwando. Ra'ayina shi ne samfurin kwamfuta da ke kwaikwayon tafiyar kasafi yana iya bambance waɗannan wurare biyu fiye da kowace hanya da ake da ita yanzu, kuma ya kamata gwamnatoci su riƙa amfani da shi, muddin an buɗe cikinsa kowa ya gani, kuma ba a ɗora masa aikin da ba nasa ba.

Dalilin da ya sa ƙwaƙwalwa ita kaɗai ba za ta iya ba lissafi ne mai sauƙi. Idan kowane ƙuduri cikin 169 zai iya taɓa sauran 168, to hanyoyin tasirin da za su iya kasancewa 28,392 ne. Wasu na taimakon juna: wutar lantarki a asibiti tana nufin firjin rigakafi ba zai mutu ba, tsaftataccen ruwa yana rage gudawa, yaron da ba ya yawan kwanciya ciwo yana zama a aji. Wasu kuma suna cin juna. Noma ne ke shanye kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan daɗi da ɗan Adam ke ɗiba, don haka faɗaɗa noman rani domin ƙosar da jama'a yana iya zama a kan asarar koguna da tafkuna. Tarayyar Sobiyet ta karkatar da kogunan Amu Darya da Syr Darya don noman auduga, kuma tun daga shekarun 1960 Tafkin Aral, wanda ya taɓa zama na huɗu a girma a duniya, ya yi ta janyewa har masunta suka wayi gari jiragensu na zaune a kan rairayi. Alƙaluman auduga sun yi kyau a takarda shekara da shekaru. A 2016 Måns Nilsson da Dave Griggs da Martin Visbeck sun ba da shawarar a riƙa auna irin wannan alaƙa a kan sikeli mai hawa bakwai, daga -3 zuwa +3. Hanya ce mai amfani wajen zaunar da ma'aikatu su yi magana da juna, amma ba ta gaya wa ministan kuɗi abin da zai faru idan ya cire kashi biyar daga nan ya kai can.

Yi wa tattalin arziki samfurin lissafi ba sabon abu ba ne. Jan Tinbergen ya gina wa ƙasar Holan ɗaya tun 1936. Bankin Duniya ya yi amfani da samfurinsa na MAMS a zamanin Muradun Ƙarni, waɗanda suka gabaci na yanzu, Cibiyar Millennium kuma tana da iSDG, wanda ya samo asali daga hanyar da Jay Forrester ya ƙirƙiro a jami'ar MIT ta bin yadda abubuwa ke taruwa da zubewa da komowa su taɓa juna. Kowanne yana da ranarsa. Amma yawancinsu suna da wani zato da ke ɓoye a gindinsu, cewa kuɗin da aka ware wa wani aiki yana isa wurin aikin.

Uganda ta nuna yadda wannan zato ke iya yin nisa da gaskiya. Ritva Reinikka da Jakob Svensson sun bi sawun tallafin da gwamnatin tsakiya ke aika wa makarantun firamare gwargwadon yawan ɗalibansu, suka gano cewa tsakanin 1991 da 1995 kashi 13 cikin 100 ne kawai, a matsakaici, ke isa makarantun. Da yawa ba su ga ko sisi ba, kuɗin yana maƙalewa a matakin gundumomi. Gwamnati ta fara buga adadin da ta aika kowane wata a jaridu, ta kuma sa makarantu su liƙa sanarwar abin da suka karɓa, zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80. Duk samfurin da ya ɗauki adadin da ke cikin kasafi a matsayin kuɗin da ya shiga aji a waɗancan shekarun, zai yanke hukuncin cewa kashe kuɗi a ilimi ba ya haifar da komai. Kuma zai yi kuskure, don ba a gwada kashewar ba ma tukuna.

Wannan giɓi ne ya sa hanyar da Omar Guerrero, a lokacin yana Cibiyar Alan Turing da ke Landan, da Gonzalo Castañeda na cibiyar CIDE da ke Meziko suka gina ta ja hankalina. Suna kiranta Policy Priority Inference, a gajarce PPI, wato gano manufofin da gwamnati ta fifita. Takardarsu ta farko a kai, tare da Florian Chávez-Juárez, ta fito a 2018, daga baya UNDP, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta yi aiki da ita a Meziko da Kolombiya da Uruguwai. Ya dace a bi yadda take aiki daki-daki, domin wanda bai san kayan cikin inji ba ba zai san inda zai iya cin amanarsa ba.

Ana farawa da ma'aunai. A tattaro alƙaluman shekaru kamar ashirin na abubuwan da ake son bi: mace-macen yara, shiga makaranta, samun lantarki, yawan dazuzzuka, da sauransu. Tun da kowanne da irin ma'auninsa, sai a mayar da su duka tsakanin 0 da 1, a kuma juya waɗanda raguwarsu ce alheri, don hawa ya zama ci gaba a ko'ina. A ɗauki mace-macen yara 'yan ƙasa da shekara biyar. A ce an sa 200 cikin kowace haihuwa 1,000 a matsayin mafi muni, sifiri kuma mafi kyau. Ƙasar da ke kan 80 za ta samu 0.6. Ƙudurin 2030 shi ne a sauko zuwa 25 ko ƙasa da haka, wato 0.875. Giɓin da za a cike 0.275 ke nan. Lissafin ba shi da wuya, amma zaɓin iyakokin nan biyu hukunci ne na mutum: in aka sa mafi muni a 400 maimakon 200, giɓin ƙasar zai zama rabin yadda yake, ba tare da an ceci yaro ko ɗaya ba. Saboda haka dole a rubuta iyakokin da aka zaɓa da dalilin zaɓarsu.

Sai a raba ma'aunan gida biyu. Akwai waɗanda gwamnati ke da shiri da kasafi a kansu kai tsaye, kamar yawan yaran da aka yi wa rigakafi. Akwai kuma waɗanda ba wani ofishi da ke riƙe da linzaminsu, kamar haɓakar tattalin arziki gaba ɗaya, waɗanda ke motsi ne sakamakon abubuwa da yawa. Kuɗi yana shiga rukunin farko ne kawai, na biyu yana karɓar abin da ya malalo masa.

Mataki na gaba shi ne haɗa kasafi da ma'aunai, wato a ce wannan shiri da ke cin kuɗi kaza yana taɓa waɗannan ma'aunai. A nan ne aikin ya fi cin rai, kuma a nan ne ƙasashe da yawa ke tsayawa. Rabe-raben da aka saba da su, irin tsarin COFOG mai manyan sassa goma, suna cewa ne kawai an kashe kaza a lafiya, kaza a ilimi, kaza a tsaro. Wannan ya yi faɗi da yawa. Kuɗin gina babban asibiti a birni da kuɗin horar da ungozoma duk lafiya ne, amma ba ma'auni ɗaya suke taɓawa ba. Meziko ta samu damar zama wurin gwaji ne don ma'aikatar kuɗinta ta zauna ta danganta shirye-shiryen kasafinta da Muradun, tun daga kasafin 2018. Kuma a kula, kuɗin da za a shigar shi ne wanda aka saki aka kashe, bayan an cire hauhawar farashi an kuma raba da yawan jama'a. Wanda majalisa ta amince da shi a farkon shekara alkawari ne kawai. Inda tazara ke da faɗi tsakanin abin da aka amince da abin da aka saki, shigar da na farkon zai sa samfurin ya ga shiri ya lashe maƙudan kuɗi bai taɓuka komai ba, alhali yunwa ce ta kashe shi.

Daga nan sai taswirar alaƙa, wadda ke nuna wane ma'auni ke tafiya da wane, da ƙarfin tafiyar, da ko taimako ne ko cutarwa. Ana fitar da ita daga alƙaluman ƙasar ta hanyoyin ƙididdiga, ko daga hukuncin ƙwararru, ko a haɗa biyun.

Zuciyar samfurin kuwa mutane ne na kwaikwayo. Akwai hukuma ta tsakiya da ke raba kasafi. Kowane fannin manufa yana da jami'i da ke karɓar rabonsa, sannan ya yanke nawa zai sa a aikin. Abin da ya rage tsakanin abin da ya karɓa da abin da ya sa shi ne asara, ko ta hanyar sata, ko kwangilar da aka kumbura, ko sakaci, ko ma'aikatan bogi. Samfurin bai damu da sunan ba. Jami'in yana koyo daga abin da ya same shi. In ya ƙara karkatarwa ya ga ya fi riba, zai ci gaba. In an kama shi an hukunta, zai ja baya. Yiwuwar a gano shi ta dogara da ingancin sa ido, da kuma yadda asararsa ta yi fice a cikin ta takwarorinsa, wanda ke nufin inda kowa ke ci, mai ci ba ya fita daban. Zafin hukuncin kuma ya dogara da ƙarfin doka. Waɗannan biyun galibi ana ɗauko su ne daga ma'aunan shugabanci na Bankin Duniya, na yaƙi da cin hanci da na bin doka. Samfurin yana tafiya ne zagaye-zagaye, kowanne na wakiltar wani ɗan lokaci, a kowane zagaye ma'auni yana da wata dama ta hawa, kuma damar tana ƙaruwa da yawan kuɗin da ya isa aiki da kuma tasirin da ya malalo daga maƙwabtansa a taswira. In ya yi nasara, girman takun da zai yi wata lamba ce ta daban, wadda ke wakiltar ingancin shirin kansa: fasaharsa, tsarinsa, dacewarsa da matsalar.

Wannan rarrabewa ita ce abin da ya fi komai daraja a wurina. Kuɗi yana ƙara yawan lokutan da shiri zai yi nasara. Ba ya ƙara tsawon takunsa. Ana saita waɗannan lambobi har sai samfurin ya maimaita tarihin kowane ma'auni, wato ya ƙare inda na gaskiya ya ƙare, ya kuma hau sau adadin da na gaskiya ya hau. Da yake akwai sa'a a ciki, ba a gudanar da shi sau ɗaya. Ana maimaitawa ɗaruruwa ko dubbai, a duba matsakaici da kuma faɗin bambancin. Bayan nan ne ake fara tambayoyin "da a ce": da a ce an ƙara kasafi da kashi goma, da a ce an ɗauke daga wannan fanni an kai wancan, da a ce sa ido ya inganta.

Tambayar da ta fi tona asiri ita ce mafi sauƙi. A ba samfurin kuɗi ba iyaka, a kuma cire duk wata asara, ta yadda kowane shiri zai yi nasara a kowane zagaye, sannan a duba ina ma'aunin zai kai a 2030. Idan ya kai gaci, matsalarsa ta kuɗi ce ko ta yoyo, kuma akwai hujjar neman ƙari. Idan ko a hakan bai kai ba, tarnaƙin yana cikin shirin, kuma ninka masa kasafi ba zai fisshe shi ba. Guerrero da Castañeda sun yi wannan gwaji da alƙaluman ƙasashe 140 a wani bincike da ya fito a 2022, suka ga akwai iyaka ga yadda ƙarin kuɗi kaɗai zai rage giɓi kafin 2030, kuma cikin wuraren da tarnaƙin ya fi fitowa fili akwai muradi na 14 da na 15, wato rayuwar cikin ruwa da ta doron ƙasa. Wannan ya dace da abin da hankali ke nunawa. Ƙara wa hukumar gandun daji motoci ba zai tsayar da sarar itace ba matuƙar wata ma'aikatar tana raba filayen noma a cikin dajin, kuma makarantar da ke koyarwa da harshen da yaro ba ya ji za ta iya samun sabon rufi da sababbin kujeru, karatun yaron bai gusa ba.

Ga ma'aikatar da ke zuwa kare kasafinta, wannan sakamako ba mai daɗi ba ne, domin kowace ma'aikata bakinta ɗaya ne, kuɗi bai isa ba. Samfurin yana ba ofishin kasafi da 'yan majalisa abin da za su riƙe su tambaya: wane ne cikin shirye-shiryenku zai motsa da ƙari, wane ne kuma ke buƙatar a sake masa zubi tun daga tushe? Amma a yi hattara, samfurin yana nuna inda tarnaƙin yake ne kawai. Ba ya faɗin ko mene ne shi. Gano wannan aikin masu bincike ne a fili, da masu binciken kuɗi, da mutanen da shirin ya kamata ya amfana. Kuma kuskure ne babba a ɗauki "wannan shiri ba ya jin kuɗi" a fassara shi da "a yanke masa kuɗi". Shirin da ba zai ci gaba da ƙari ba yana iya rushewa da ragi, domin wani kuɗin riƙe abin da aka riga aka samu yake yi. Dole a gwada ɓangarorin biyu daban-daban.

Yanzu ga wuraren da abin ke lalacewa, kuma suna da yawa.

Mafi rauni ita ce taswirar alaƙa. Ƙasa mai alƙaluman 2000 zuwa 2020 tana da ɗigo 21 ne kacal ga kowane ma'auni. In ma'aunan 100 ne, hanyoyin da za su iya kasancewa 9,900 ne. Ba wata dabarar ƙididdiga da za ta fitar da tabbataccen sanadi daga wannan ɗan abin. Ƙari a kan haka, kusan komai ya yi ta hawa a waɗannan shekaru, wayar salula da rigakafi da shiga makaranta, don haka in aka kwatanta matakansu kai tsaye za a ga kamar kowanne ne ke jan kowanne. Shi ya sa ake amfani da canjin shekara zuwa shekara maimakon matakin, kuma su kansu masu samfurin suna cewa taswirar tafiya tare take nunawa, ba sanadi ba. Abin da ya wajaba shi ne a gudanar da gwajin da taswirori daban-daban, har da wadda babu alaƙa a cikinta ko ɗaya. Sakamakon da ya tsaya a dukkansu shi za a kai gaban minista. Wanda ya juye da an taɓa taswira, a bar shi a ɗakin bincike.

Sai ingancin alƙaluman kansu. Yawancin ma'aunan zamantakewa daga binciken gida-gida suke fitowa, wanda ake yi bayan shekara uku ko biyar, sai a ja miƙaƙƙen layi a cike tsakani. Ma'aunin da aka cike haka zai bayyana kamar yana hawa kowace shekara ba fashi, samfurin kuma zai ɗauka shirin bai taɓa faɗuwa ba. Akwai kuma sauyin ma'ana. A 2010 Ghana ta sabunta shekarar da take gina lissafin arzikinta a kai, adadin ya yi tsalle da kusan kashi 60 cikin 100 a rana ɗaya, duk wani ma'auni da ake auna shi da kason arzikin ƙasa kuma ya canza tare da shi. Bankin Duniya ya ɗaga layin talauci daga dala 1.90 zuwa 2.15 a 2022, sannan zuwa dala 3 a 2025. Wanda ya haɗa tsohon jeri da sabo bai daidaita su ba, zai koya wa samfurin wata girgiza da ba ta taɓa faruwa a rayuwar kowa ba.

Akwai gargaɗin masanin tattalin arziki Robert Lucas na 1976, cewa alaƙar da aka gano a tsohon yanayi tana iya sauyawa da zarar manufa ta sauya, domin mutane suna gyara halinsu. Samfurin da jami'ansa ke koyo ya amsa wani ɓangare na wannan, amma ingancin shiri da taswirar alaƙa a tsaye suke a cikinsa. Don haka yana da ƙarfi a kan tambayoyin shekaru kaɗan da sauye-sauyen rabo matsakaita. Ba zai hango annoba ko yaƙi ba, ba kuma zai auna sabon shirin da ba shi da tarihi ba.

Gargaɗin masanin tattalin arziki Charles Goodhart, na 1975, ya fi damuna: ma'aunin da aka mayar abin saka lada da hukunci yana daina faɗin gaskiya. Ranar da ma'aikatu suka gane cewa rabonsu ya rataya ne a kan motsin wata lamba, lambar za ta fara motsi ko da abin da take wakilta bai motsa ba. Rajistar makaranta za ta cika da sunaye, ajin kuwa yana yadda yake. Maganin wannan ba ya cikin kwamfuta. Hukumar ƙididdiga ce za ta kasance mai cin gashin kanta, a kuma riƙa gwada alƙaluman ma'aikata da bincike mai zaman kansa.

Duk waɗannan suna kai ni ga sharaɗin da ba na ganin akwai sassauci a kansa, wato buɗewa. A 2010 Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff sun wallafa cewa ƙasashen da bashinsu ya haura kashi 90 na arzikinsu, haɓakar arzikinsu a matsakaici tana faɗuwa zuwa kashi -0.1 cikin 100 a shekara. Masu kare tsuke bakin aljihu a Turai da Amurka suka yi ta kafa hujja da wannan. A 2013 wani ɗalibin digiri a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, ya samu ainihin takardar Excel ɗin, ya ga lissafin matsakaicin ya tsallake ƙasashe biyar. Da shi da malamansa Michael Ash da Robert Pollin suka gyara wannan da wasu matsalolin zaɓen alƙaluma da nauyinsu, adadin ya koma 2.2. Wannan fa jadawali ne da mutum ɗaya zai iya bi layi-layi. Samfurin da ke da ɗaruruwan lambobin saiti yana da wuraren ɓuyar kuskure da suka ninka haka. Manhajar PPI a buɗe take, an rubuta ta da harshen kwamfuta na Python, kowa zai iya saukewa, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa nake yarda a tattauna da ita. Gwamnatin da ta sayi samfuri a rufe daga wani kamfanin ba da shawara, ta fito tana cewa kwamfuta ta ce a rage kaza, ta ɗauki hukuncin siyasa ne ta rufa masa mayafin kimiyya don kada a yi mata gardama.

Kuma hukuncin na siyasa ne, ko an so ko ba a so ba. Samfurin zai iya cewa wannan rabo zai rage jimillar giɓi fiye da wancan, amma jimillar tana buƙatar a ce taku ɗaya a mace-macen mata wajen haihuwa daidai yake da taku nawa a tsaftar iska. In aka ba kowane ma'auni nauyi ɗaya, an riga an zaɓa, kuma muradin da ya fi yawan ma'aunai shi zai rinjaya. In aka umarci injin ya nemi inda lamba ta fi saurin motsi, zai karkata ga masu sauƙin kaiwa ya bar na nesa, alhali alkawarin 2015 shi ne kada a bar kowa a baya. Matsakaicin ƙasa yana iya hawa yayin da wani yanki ke nutsewa. Shi ya sa, inda alƙaluma suka ba da dama, ya kamata a gudanar da samfurin a matakin jihohi ko larduna, nauyin da za a ba kowane muradi kuma ya fito daga majalisa a bainar jama'a, ba daga wanda ke zaune gaban allon ba.

Saboda haka ba na son samfurin ya zauna a ma'aikatar kuɗi ita kaɗai. Ofishin kasafi na majalisa ya riƙe kwafinsa, ofishin babban mai binciken kuɗi ya riƙe, jami'o'i su riƙe, duka da alƙaluma iri ɗaya. Kowane rahoto ya fito da jadawalin da ya haɗa shirye-shirye da ma'aunai, da iyakokin da aka zaɓa, da jerin ma'aunan da aka cike musu giɓi, da faɗin sakamako maimakon lamba ɗaya tilo. Kafin a yarda da shi a kan gobe kuma, a gwada shi a kan jiya: a ɓoye masa shekaru biyar na ƙarshe, a saita shi da na baya, a ba shi kuɗin da aka kashe a zahiri cikin shekarun da aka ɓoye, sannan a kwatanta abin da ya fitar da abin da ya faru. A kuma gwada shi da hasashe mafi arha, wato a ja layin tarihi kawai ya ci gaba yadda yake tafiya. A ma'aunan da samfurin ya doke miƙaƙƙen layi, a saurare shi lokacin rabon kasafi. A waɗanda bai doke ba, a rubuta haka a shafin farko na rahoton, a koma a duba alƙaluman da taswirar da aka ba shi.